Yadda Ake Haɗa Na'urar DAC da Kayan Sautin Gida

A gidaje da yawa a nan Sakkwato za ka tarar da tsohuwar amfilifaya mai nauyi, irin su Kenwood ko Pioneer ko Sony, da manyan sifikoki biyu, an lulluɓe su da zane a lungun falo. Lafiyarsu ƙalau. Abin da ya raba su da aiki shi ne an sayo sabon talabijin na bango, aka leƙa bayansa aka rasa kafofin nan na ja da fari da aka saba soka waya. Daga nan sai aka haƙura da 'yar muryar da talabijin ɗin ke fitarwa, wadda ko fanka aka kunna sai ta danne ta. Maganin wannan wata 'yar ƙaramar na'ura ce da ake kira DAC, masu shago kuma su ce kwanbata. Na sha haɗa ta a gidajen mutane, kuma aikin bai kai a kira mai gyara ba in dai an bi shi daki-daki.

Sautin da ke cikin talabijin na zamani da dikoda da kwamfuta da wayar hannu lambobi ne tsagwaro. A faifan CD ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a talabijin kuwa yawanci sau 48,000. Ita sifika ba ta san lamba ba, abin da ke motsa ta shi ne wutar lantarki mai hawa da sauka. DAC ce tafintar da ke tsakaninsu, kuma kamar kowane tafinta, abin da aka faɗa mata shi take isarwa, ba ta gyara magana. Duk na'ura irin waɗannan da ke fitar da murya tana da tata DAC a ciki. Ta waje tana da amfani ne idan talabijin ba shi da kafar da amfilifayarka ke karɓa, ko kuma idan ta cikin kwamfuta tana cakuɗa sauti da tsuwa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka riƙe kuɗinka.

Kayan da za ka tanada

DAC ɗin kanta. Mafi sauƙi ba ta wuce tafin hannu ba: gefe ɗaya kafar OPTICAL da ta COAXIAL, ɗaya gefen kafofin ja da fari. Mai son haɗa kwamfuta ko wayar hannu sai ya nemi mai karɓar sauti ta USB.

Wayar da za ta ɗauko sautin daga talabijin ko kwamfuta: ta oftikal, ko ta COAXIAL, ko ta USB, gwargwadon kafar da kake da ita.

Wayar RCA mai kai biyu-biyu, ja da fari, gajera. Mita ɗaya ta isa.

Cajar da ke ba da bolt 5 da wayarta. Sau da yawa DAC tana zuwa da wayar kawai, babu kan cajar.

Soket mai kariya daga hauhawar wuta, ko sitabilaiza idan akwai ita a gidan.

Tocila, busasshen tsumma, da ƙaramin burushi mai laushi. Idan kana da fawa bank ka ajiye ta kusa, za ta yi rana wajen gano matsala.

Sai kuma wani sauti da kunnenka ya haddace: ƙira'ar da kake saurara kullum, ko tafsiri, ko kiɗan kotso ko na gurmi da ka san inda kowane bugu yake faɗawa. Da shi za ka yi gwaji.

Mataki na 1: Duba bayan kayanka kafin ka taka kasuwa

Haska tocila a bayan talabijin ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowace kafa. Kana neman wadda ke fitar da sauti, wato mai kalmar OUT. Kafar oftikal 'yar ƙarama ce mai kusurwa huɗu, da ɗan murfi da ke turuwa ciki, kuma in talabijin na kunne za ka ga jan haske a cikinta. Wani lokaci TOSLINK ake rubutawa, domin kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983. Kafar COAXIAL kuwa zagayayya ce irin ta ja da fari, amma guda ɗaya tak, sau da yawa ruwan lemo ko baƙa. Ka iya ganin S/PDIF a jikinta, sunan tsarin da Sony da Philips suka yi tare, kuma shi ne dai ke bi ta oftikal ɗin ma.

Kada kafofin ja da fari da za ka gani a bayan wasu talabijin su ruɗe ka. Idan an rubuta AV IN ko COMPONENT IN, na shiga ne, ba abin da zai fito daga cikinsu.

Idan ka sami kafar abin saurare na kunne, ko AUDIO OUT, to fara gwada ta. Waya mai kai ɗaya siriri a gefe guda da ja da fari a ɗaya gefen ita kaɗai kake buƙata. In sautin ya gamsar da kai, magana ta ƙare. Haka nan ka duba bayan amfilifayar: idan tana da kafar OPTICAL IN ko COAXIAL IN, akwai DAC a cikinta, waya kawai za ka saya.

Wanda bai sami oftikal ko COAXIAL ba amma ya ga an rubuta ARC a jikin ɗaya daga cikin kafofin HDMI, akwai DAC ta musamman da ke karɓar sauti ta nan. Ta ɗan fi tsada, amma tana da wata fa'ida da zan zo kanta. Wanda kuma talabijin ɗinsa ba ya fitar da komai sam, sai ya nemi akwatin da ke cire sauti daga HDMI, a sa shi tsakanin dikoda da talabijin. Illarsa ita ce sautin dikodar kaɗai zai ɗauko, ban da na YouTube da sauran abin da ke cikin talabijin.

Ɗauki hoton bayan talabijin da na amfilifaya da wayarka ta hannu. Hoton ya fi duk bayanin da za ka yi wa mai shago.

Mataki na 2: Saye

A nan mutane suka fi yin asara. Akwai wata na'ura da ta yi kama da DAC sak, girma ɗaya, launi ɗaya, kafofi iri ɗaya, amma aikinta akasin haka ne: tana karɓar sauti ta ja da fari ta fitar da shi ta oftikal. A Babbar Kasuwa ko shagunan kayan lantarki na cikin gari, yaron shago zai iya miƙo maka ita da zuciya ɗaya ya ce, "Alhaji, wanga shi na kake biɗa," domin shi ma kwalin ya gani. Kai ka karanta jikinta. Wadda kake so an rubuta INPUT a gefen oftikal, OUTPUT a gefen ja da fari, kuma a kwalin kalmar Digital ce ta riga Analog zuwa.

Abu na biyu, ka tambaya ko tana da maɓallin ƙara murya ko rimot. Dalili shi ne a mafi yawan talabijin, sautin da ke fita ta oftikal ƙarfinsa a tsaye yake, rimot ɗin talabijin ba ya rage shi ba ya ƙara shi. Idan amfilifayarka tsohuwa ce marar rimot, kullum sai ka miƙe. Wasu ba su damu ba, amma dattijon da ke son sauraron labarai a kishingiɗe zai damu. DAC mai rimot tana warware wannan, haka ma mai shiga ta ARC, domin ita yawanci tana bin rimot ɗin talabijin.

Lambobin da ake bugawa a kwali da manyan baƙaƙe, 192 kHz ko 384 kHz, kada su ɗauke maka hankali. Talabijin 48 yake bayarwa, wato sau 48,000 ɗin nan a daƙiƙa. Duk DAC da ke karɓar 24 bit da 96 kHz ta wadatar da falo. A ganina, wanda zai fara ya fara da mai sauƙin kuɗi, amma mai jikin ƙarfe da kafofin da ba sa girgiɗi idan ka taɓa su. Bambancin da ke tsakanin DAC mai matsakaicin kuɗi da mai tsadar gaske bai kai rabin bambancin da za ka ji ba idan ka janyo sifikokinka daga bayan kujera ka fuskantar da su inda kake zama. Haka wayar oftikal: haske ne ke bi ta cikinta, ko ya isa ko bai isa ba, ruwan zinaren da aka shafa wa kanta ado ne kawai. Tsawonta dai kada ya wuce mita 5 in da hali.

Ka roƙi mai shagon ya gwada maka a gabanka, ko ku yi yarjejeniyar canji idan ba ta yi ba.

Mataki na 3: Kashe komai, ka zaɓa mata mazauni

Rage muryar amfilifaya har ƙasa, kashe ta, kashe talabijin, ka zare su daga soket. Share ƙurar da ta taru a kafofin da burushi.

Kada ka ɗora DAC a kan amfilifaya. Wurin ya yi kama da wanda ya dace, amma ta ramukan saman nan take fitar da zafinta, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ƙaramar na'ura ba ta jure ƙarin wani. Ajiye ta a gefe, inda iska ke ratsawa, kusa da amfilifaya. Ƙa'idar ita ce wayar dijital, wato ta oftikal ko ta COAXIAL, ta yi tsawo, ta ja da fari ta zama gajera, domin ta ja da farin ce ke kwasar hayaniyar wuta a hanya.

Mataki na 4: Daga talabijin zuwa DAC

Sabuwar wayar oftikal tana zuwa da 'yan hulunan roba a kawunanta biyu, wani lokaci farare ƙal har ba a lura da su. Cire su tukuna. Mutane kan tura wayar da hular a kai, ta ƙi shiga, su ƙara ƙarfi, murfin kafar ya karye. Kan wayar ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Duba siffarsa ka daidaita da ta kafar, ka tura a hankali har ka ji ɗan ƙas. Kada ka lanƙwasa ta sosai ko ka danne ta da ƙafar tebur, domin zaren da ke ciki yana tsagewa ba tare da an gani daga waje ba.

Gwajinta mai sauƙi ne. Bayan ka kunna talabijin, ɗaya kan wayar zai nuna jan ɗigon haske. Haska shi a tafin hannunka. Idan babu, ko wayar ta mutu, ko ba a buɗe kafar a cikin saiti ba.

Mai amfani da COAXIAL yana buƙatar waya mai ohm 75. Idan babu a shago, rawayar wayar hoto ta tsohon DVD ita ma 75 ce, ta yi daidai. Ragowar wayar dish ma haka, in ka sami kawunan da ke mayar da bakinta na RCA. Wayar ja da fari ta yau da kullum za ta iya aiki idan gajera ce, amma in ta yi tsawo sai sauti ya riƙa yankewa.

Idan kana da zaɓi tsakanin biyun, ɗauki oftikal. Tunda ba ƙarfe a cikinta, ba ta haɗa wutar talabijin da ta amfilifaya, kuma wannan kaɗai yana kawar da yawancin gurnanin da ke addabar gidajen da ke da dish. Sannan ka ɗauko sautin daga talabijin, ba daga dikoda ba, don duk abin da ake kallo ya bi ta hanya ɗaya.

Wasu DAC suna da ɗan makunni na zaɓi tsakanin oftikal da COAXIAL. Tura shi ɓangaren da ka soka.

Mataki na 5: Daga DAC zuwa amfilifaya

Ja na dama ne, fari na hagu. Soka su a kafofin fita na DAC, sannan a bayan amfilifaya ka nemi AUX, ko CD, ko LINE, ko TUNER, ko TAPE PLAY. Duk ɗaya ne, sunaye ne kawai. Ka dai tuna wadda ka zaɓa don ka murɗa maɓallin gaba zuwa kanta.

Kafa biyu ne haramun. Ta farko PHONO, wadda ke kan kusan duk tsofaffin amfilifayoyi. An yi ta ne don garmaho, wanda sautinsa 'yan kashi ƙalilan ne cikin dubu na bolt ɗaya, alhali DAC tana iya fitar da kusan bolt 2, wato ninki ɗaruruwa. In ka soka a nan za ka ji sauti a dagule, ƙasansa, wato bes, ya kumbura, kuma sifika na iya tafiya. Ta biyu MIC, saboda dalili makamancin wannan. Ka kuma kula da TAPE REC ko REC OUT, waɗanda ke maƙwabtaka da TAPE PLAY: na fita ne, ba za su ɓata komai ba amma shiru za ka ji.

Masu ƙananan hom tiyata irin mai akwatin bes ɗaya da 'yan sifikoki, kafarku ita ce AUX ko AUDIO IN. Ku sani dai DAC irin wannan hanya biyu take bayarwa, dama da hagu, ko da sifikokin sun kai biyar.

Mataki na 6: Wuta

Yawancin ƙananan DAC bolt 5 suke ci. Kana iya ɗaukar wutar daga kafar USB ta talabijin, kuma daɗin hakan shi ne tana kunnuwa tana mutuwa tare da shi. Amma wutar wasu talabijin ba ta da tsabta, za ka ji siririyar tsuwa a bayan sauti. Cajar wayar hannu ta asali ta fi. Cajar nan marar nauyi da ake sayarwa a kan tire, ita ce uwar tsuwa. Idan DAC ɗinka mai zagayen bakin wuta ce, duba bolt ɗin da aka rubuta a jikinta da kyau, domin adaftar dikoda mai bolt 12 tana iya shiga bakin daidai, ta ƙone ta nan take.

Haɗa talabijin da dikoda da DAC da amfilifaya a kan soket ɗaya mai kariya. Wajen kunnawa, talabijin ne farko, sai DAC, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Bin wannan jeri yana hana bugun nan na "dum" da ke jijjiga sifika. Idan an ɗauke wuta, kashe amfilifaya da hannunka kafin a dawo da ita, kuma idan an tayar da janareta bari ya daidaita tukuna.

Mataki na 7: Saitin talabijin

Kar ka ɗaga murya tukun. Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma mafi yawan DAC da ake mayarwa shago da sunan sun lalace, lafiyarsu lau, saiti ne ba a yi ba.

Talabijin yana iya aika sauti ta oftikal a siga biyu. Ɗaya ita ce PCM, wato lambobin sautin dama da hagu a buɗe. Ɗayar kuma a ƙunshe take, irin su Dolby Digital da DTS, wadda sai na'ura mai iya kwance ta. Ƙananan DAC PCM kawai suke ganewa. Idan aka aiko musu ɗayar, ko su yi tsit, ko su saki wata ƙara mai kaifi kamar ta rediyon da ya ɓace daga tasha, kuma da cikakken ƙarfi take zuwa. Wannan ƙarar tana iya ƙona ƙananan sifikokin da ke fitar da siririn sauti, shi ya sa na ce murya ta zauna a ƙasa.

Shiga saitin talabijin, ɓangaren Sound. Da farko nemi Sound Output ko Speakers, ka mayar da shi Optical ko External. Sannan ka nemi inda aka rubuta Digital Output ko Digital Audio Format ko S/PDIF. A Samsung yana ƙarƙashin Expert Settings, a sauran kuma sunan ya ɗan bambanta amma yana nan kusa. Za ka tarar da shi a kan Auto ko Bitstream ko Pass Through. Mayar da shi PCM.

Auto ɗin nan mayaudari ne. Ranar da ka haɗa, tashar da kake kallo tana iya kasancewa mai PCM, komai ya yi daidai, ka yi hamdala. Bayan kwana biyu yara su buɗe fim a Netflix ko wata tashar ƙwallo mai Dolby, ƙara ta tashi, a ce na'ura ta lalace. Don haka ko da ka ji sauti ya fito, je ka tabbatar PCM ne a rubuce. Idan dikodarka tana da nata saitin sauti, ita ma sa ta a PCM ko Stereo. Wasu talabijin kuma kowace kafar HDMI saitinta daban, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In an sabunta manhajar talabijin ko wani ya mayar da saitinsa na kamfani, a sake dubawa.

Yanzu ɗaga muryar amfilifaya kaɗan-kaɗan. Idan kana jin magana sau biyu kamar amsa-kuwwa, sifikar talabijin ce ba ta mutu ba. Kashe ta a saiti ko ka rage muryarsa zuwa sifiri. Idan baki yana motsi kafin magana ta fito ko bayanta, nemi Audio Delay ko Lip Sync ka daidaita. Mai karanta labarai ya fi dacewa da wannan gwaji, domin fuskarsa a tsaye take.

Wanda ya bi ta ARC sai ya buɗe ARC ɗin da kuma CEC, wato tsarin da ke sa rimot ɗin talabijin ya sarrafa na'urorin da aka haɗa ta HDMI, a saiti. Samsung na kiran CEC da Anynet+, LG kuma Simplink, Sony kuwa Bravia Sync. Sharaɗin PCM yana nan a kansa shi ma.

Mataki na 8: Idan kwamfuta ce ko wayar hannu

Da farko ka bambance kafa biyu. A kan ƙananan DAC na talabijin, kafar USB ta wuta ce kawai, ba ta karɓar sauti. Wadda ke karɓa za a rubuta USB IN ko PC a jikinta. Wayar ma haka, akwai ta caji zalla wadda ba ta ɗaukar bayanai. In kwamfuta ta ƙi ganin na'urar, fara canza waya.

Windows 10 tun sabuntawar 2017 da Windows 11 suna gane yawancin DAC da kansu, haka ma Mac da Linux. Mai Windows 7 ko 8 zai iya buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Bayan ka soka, shiga saitin sauti ka zaɓi DAC a matsayin mafitar sauti, ka sa tsarin a 24 bit da 44100 ko 48000, ka kashe kayan ƙawata sauti da Windows ke sakawa. Bar muryar kwamfuta a sama, kusan ƙarshe, ka riƙa sarrafa ƙarfi daga amfilifaya. Ka kuma rufe ƙarar sanarwa, in ba haka ba saƙo ɗaya zai firgita gida.

Android tana fitar da sauti ta USB tun daga siga ta 5 da ta fito a 2014. Kana buƙatar ɗan mahaɗin OTG, wanda ke ba ka damar soka na'urar USB a jikin wayar hannu, kuma a wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka buɗe OTG ɗin da hannu. DAC marar wutar kanta batirin wayar take sha. Masu iPhone 15 zuwa sama USB-C gare su, kai tsaye ne. Na ƙasa da haka sai da adaftar Lightning zuwa USB.

Idan kuɗi bai kai ba, ɗan guntun mahaɗin nan na USB-C da ake soka abin saurare na kunne, mai kyau daga cikinsu cikakkiyar DAC ce. Haɗa shi da waya mai siririn kai zuwa ja da fari, ka shiga AUX. Muryarsa ba ta kai ta babbar ba, sai ka ɗan ƙara a amfilifaya, amma tsabtar sautin tana ba mutane mamaki. A kula, akwai irinsa da ba komai a ciki sai waya, wanda ba kowace wayar hannu yake yi wa aiki ba, kwamfuta kuwa ba ta ma ganinsa.

Mataki na 9: Farautar gurnani

Tsayar da abin da ke wasa, ɗaga murya zuwa inda ka saba saurare, ka kasa kunne a jikin sifika. Shiru ya kamata ka ji, ko ɗan huci da sai ka matsa sosai.

Gurnani mai kauri wanda ba ya sauyawa na wutar gida ne, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa. Zare wayar dish daga bayan dikoda. Idan ya ɗauke, ka gano hanyarsa. Komawa oftikal da ba DAC wuta daga cajarta daban, maimakon USB ɗin talabijin, yakan kashe shi. Idan ya ƙi, akwai ɗan abin da ake sawa a kan wayar ja da fari mai raba ƙasan na'urorin biyu. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar ƙasa ta filogi. Idan kuma jikin dikoda ko amfilifaya yana ɗan jan hannunka, wayar ƙasan gidan ce ba ta da kyau, wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba naka ba.

Tsuwa siririya kuwa yawanci daga caja take. Nan fawa bank ke shigowa: ba DAC wuta da ita. In tsuwar ta ɓace, canza caja. A laftop, zare cajarsa ka saurara. Idan ya yi shiru a kan batir, cajar ce. Masu sola su lura, ƙananan inbata masu araha da wutarsu ba ta fita sumul suna sa amfilifaya kanta ta yi zuzu, kuma babu DAC da za ta gyara wannan sai inbata mai tsabtar wuta. Raba wayoyin sauti da na wuta, kada ka ɗaure su dami ɗaya don son tsari. Inda dole su haɗu, su gitta juna.

Sautin da ke yankewa yana dawowa, duba zaman kan wayar oftikal, sannan ƙura. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma ɗan abin da ya zauna a bakin wayar ya isa ya tare haske. Goge kan da busasshen tsumma, ka hure kafar, ban da ruwa ko fetur. Kafar da ba ka amfani da ita ka bar mata murfinta. Idan gefe ɗaya ne kawai ke magana, sauya ja da fari a bayan DAC: in shirun ya koma ɗaya sifikar, laifin na DAC ne ko abin da ke gabanta, in ya tsaya inda yake, gwada wata wayar, sannan ka tuhumi amfilifaya ko sifikar.

Da damina, in hadari ya haɗo da walƙiya, zare filogi da wayar dish gaba ɗaya. Kashe makunni kaɗai ba ya tare tsawa.

Mataki na 10: Gwajin kunne

Sa sautin nan da ka haddace. Murya ta fito daga tsakiyar sifikokin biyu, kamar mai maganar yana zaune a wurin. Idan ta watse ba ka san inda take ba kuma ƙasan sautin ya yi rauni, duba wayoyin sifika, wataƙila an juya ja da baƙi a guda ɗaya.

In za ka kwatanta da yadda yake a da, daidaita ƙarfin muryar biyun tukuna. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma DAC ta waje sau da yawa ta fi kafar kwamfuta ƙarfi. Abin da za ka sa ma yana da muhimmanci. Karatun da aka naɗa da wayar hannu daga bayan masallaci, aka yi ta tura shi a WhatsApp, ko tsohon kaset da aka mayar MP3 mai 64 kbps, sabon haɗin zai ƙara fito da hucinsa ne da duk wani tari da ke ciki. Don gwaji nemi faifan CD na asali, ko fayil ɗin FLAC, wanda ba a rage ingancin sautinsa ba, ko aƙalla MP3 mai 256 ko 320. Mayar da maɓallan BASS da TREBLE tsakiya, kashe LOUDNESS, ka saurara haka na 'yan kwanaki kafin ka sake taɓa su, domin yawancinmu mun murɗe su ne tun lokacin da muke ƙoƙarin rufe aibin tsohon sautin.